Alheri Yana Jira a Hayi

Ranar da muka yi zaman makokin Kawu a ɗakin cin abinci na masaukin ma'aikata a Al Quoz, hawaye kaɗan na gani. Kallo ne ya yi yawa. Mutum zai shigo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku," ya koma gefe ya zauna, kafin kujera ta ɗauki ɗumi ya riga ya kai baki kunnen na kusa da shi. Matan zumunta da suka taso daga Dubai Investments Park da kulolin shinkafa sun yi waƙa biyu, ta ukun ta mutu a bakinsu, don kowacce idonta yana bakin ƙofa. Jira suke su ga baƙuwar macen da za ta shigo tana kuka. Ni ma ƙofar nake kallo.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya kawo ni ƙasar nan. Aikinsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A bakin aikin ya yanke jiki ya faɗi da rana tsaka, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Wanda ya tallafi kansa a cinya abokin ɗakinsa ne, ɗan garinsu daga tsaunukan Filato, mutum mai gaskiya amma bakinsa ba ya riƙe komai. Shi ya shaida wa duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba, cewa maganar Kawu ta ƙarshe ita ce: "Ka gaya musu kada su damu. Alheri yana jirana a hayi."

Daga wannan magana tashin hankalinmu ya fara.

Dattijon ikilisiyarmu ya lura da raɗe-raɗin da ke yawo a ɗakin, ya miƙe don ya kashe wutar. Ya ce ɗan'uwanmu ya yi kyakkyawan ƙarshe. Alherin da ya ambata alherin Allah ne, hayin kuwa shi ne ƙetaren kogin Urdun da muke rerawa a waƙoƙin jana'iza. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Yana jirana ya ce, bai ce tana jirana ba."

Wata daga cikin matan zumunta, wadda Allah ya hore wa murya, ta yi abin da ita ta ɗauka raɗa ne. "Baba, a yi haƙuri, amma yaushe aka taɓa jin marigayi ya ce wa mace ta? Ko uwarsa ce, ya zo zai ce."

Wasu suka toshe baki, wasu suka kasa. Gaskiya ta faɗa. Hausar mutanenmu ta can gida ba ta raba mace da namiji: matata ya zo, yarinya ya tafi, kaza ya yi ƙwai. Ni a Zariya na girma, shi ya sa harshena ya bambanta, Kawu kuwa da irin tasa ya zo duniya. Alheri kuma sunan mata ne da ba a rasa mai shi a kowace majami'a. Hayi ma ba sai an je Urdun ba. Kowa a ɗakin ya san cewa duk Lahadi, da an tashi sujada, Kawu yakan fesa turare, ya kafa hularsa, ya nufi bakin ruwa ya shiga kwale-kwale ya haye Deira, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Bai taɓa gayyatar kowa ba.

Kafin in kira gida, labarin ya riga ni isa. Mama, matar Kawu, ta ɗauki waya ba ta bar ni na gama gaisuwa ba.

"Na ji. Wannan Alheri, shi ya ci daɗinsa da rai, shi ya binne shi."

"Mama, ki saurare ni. Ba za a sa gawa a jirgi ba sai da yardarki. In kin ƙi, a nan za a rufe shi."

"A rufe. Mutumin da ya ƙi zuwa da ƙafa, me zan yi da shi a akwati?"

Ta kashe waya. Ban ga laifinta ba. Kawu ya daɗe rabonsa da gida. Duk lokacin da biza za ta ƙare sai ya ce saura zagaye ɗaya, ya sabunta. 'Ya'yansa sun yi aure yana kallo ta waya, jikokinsa sun san muryarsa ba su san tsayinsa ba. Yanzu kuma ga shi kwance a firjin asibiti, ana ba mu 'yan kwanaki mu yanke shawara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a binne shi cikin yashin da ba wanda zai zo ya share masa kabari, da sunan mai ajiye mace a ɓoye.

Ina rubuta wannan ne don har yanzu akwai masu ɗaga gira in an ambace shi, kuma ba na so abin da za a tuna da shi ke nan.

A Al Quoz ba mai kiransa da sunansa. Baba Kaboyi ake ce masa, har 'yan Pakistan da 'yan Filifin na wurin aikinsu. Hular ce ta jawo, wata mai faɗin baki da ya saya a gwanjo, wadda yake cewa ta fi kowace hula sanin rana. In motar ma'aikata ta tsaya da safe, ba ya cewa a tafi. "Yalla, a ɗaura sirdi," zai ce, shi da bai taɓa hawa ko jaki ba. Yana da wata tsohuwar riga mai gida-gida ja da baƙi da ba ya sa ta sai Lahadi, kuma maɓallinta na wuya ya ɓace tun kafin in zo. Na sha ce masa, "Kawu, ga tela a ƙasan bene, minti nawa ne?" Sai ya dafe wurin ya ce, "Bar shi. Iska yake shiga."

Asalin kaboyin nasa ba daga sinima ba ne. Yana yaro a makarantar mishan, wata baturiya da za ta koma ƙasarsu ta bar akwatin littattafai, aka sa shi ya riƙa kaɗe musu ƙura. A ciki ya ci karo da labaran mutanen da suka ɗora iyalansu a keken doki mai rumfar tamfol suka nausa yammacin Amurka tun babu hanya. Suna sare itace su gina bukka, su gina majami'a, mai wa'azi yana zagaya su a kan doki. A kowane labari akwai namiji da mace da ke son juna amma kunya da tsoron Allah sun hana su faɗa sai shafin ƙarshe. Da su Kawu ya koyi Turanci, kuma bai rabu da su ba har ya tsufa. A nan Dubai yakan bi shagunan tsofaffin littattafai yana tono su. Samarin masauki suna yi masa dariya, tsoho da furfura yana riƙe da littafi mai hoton baturiya ta ɗaura hula da igiya a haɓa. Shi ko a jikinsa.

Shekarata ta farko zazzaɓi ya kwantar da ni a masaukinmu na Dubai Investments Park. Kawu ya ɗauki hutun da ba a biya, ya canja mota biyu, ya iso da kunun gyaɗa a fulas. Ya zauna a bakin gadona yana karanta mini ɗaya daga cikin littattafan, yana juya shi da Hausarsa. "Sai malamar makaranta ya fito, ya ga kaboyi yana gyara masa shinge." Na ce, "Kawu, wa ke gyara wa wa?" Ya ce, "Sha kununka." Ban fahimci rabin labarin ba, amma na yi barcin da na kwana biyu ban samu ba.

Da na fara neman wata yarinya a ikilisiya, shi ya fara ganewa. Ya ja ni gefe ya ce, "A littattafan nan, namiji ba ya taɓa hannun mace sai ya gyara masa shinge, ya faskara masa itace, ya zauna bayansa a sujada har damina ta wuce. Kai me ka gyara?" Na ce a Dubai ba shinge. Ya ce, "To ka nemo." Haka yake. Komai na duniya sai ya auna shi da yammacin Amurka, wurin da bai taɓa takawa ba.

Duk wannan na sani, kuma shi ya ƙara mini zargi. Mutumin da kansa ya cika da soyayya haka, yana zaune shekara da shekaru ba mace, wa zai rantse a kansa? Na bi labaran da ya taɓa ba ni ɗaya bayan ɗaya a raina, ban tuna wata Alheri a cikinsu ba. Da muka buɗe akwatinsa ni da abokin ɗakinsa, mun sami Littafi Mai Tsarki, da littattafan, da rigar Lahadi, da kwalbar turare. A can ƙasa kuma ga sabon ɗankwalin mata an naɗe wani abu a ciki. Almakashi ne na tela, sabo fil. Na gwada shi a kan zare ya ƙi yanka, sai tauna yake. Abokin ɗakin ya dube ni, na dube shi.

"Tela ne ke nan," in ji shi.

Na ce, "Rufe bakinka, don Allah, ko na yini ɗaya."

Lahadi na zuwa, da aka tashi sujada, na ɗauki hular Kawu na nufi bakin ruwa. Ban san inda zan dosa ba. Abin da abokin ɗakin ya iya gaya mini kawai shi ne Kawu kan dawo yana ƙamshin kanumfari da citta, wato Al Ras ke nan, unguwar masu kayan yaji. A cikin kwale-kwale na shirya maganganun da zan gaya wa matar, kuma ba masu daɗi ba ne. Na sauka na shiga lunguna ina rataye da hular a hannu, ina duban kowace baƙar mace da ido biyu.

Ban yi nisa ba wani ya yi mini magana da Hausa daga ƙofar wani shago, Hausar Kano tsantsa. "Malam, wannan ba hular Baba Kaboyi ba ce? Ina shi? Yau ya shanya mu."

Dattijo ne fari siriri da carbi a hannu, wanda na ji ana kira Alhaji. Shagonsa na haɗa kaya ne, masu sayayya daga Najeriya suna tara nasu a wurinsa ya loda musu a kwantena. Ya ja ni ciki. A bayan katan-katan an shimfiɗa darduma, 'yan kasuwa sun kai goma suna zaune, ga butar shayi, ga kujerar roba guda ɗaya an ajiye a tsakiya ba kowa a kai. Duk suka juyo suna duban bayana.

Na ce, "Ni ɗan ƙanwarsa ne. Kawu ya rasu ranar Talata."

Alhaji ya yi salati a hankali, ya nemi katan ya zauna. Wani ya ajiye kofinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Jiya na sauka daga Kano, ban ko je ganin kayana ba na ce sai na fara zuwa nan." Suka yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Na amsa, amma zuciyata ba ta sauka ba. Na ga shayi, na ga maza, ban ga abin da na zo nema ba. Na ce a raina, a nan ake haɗuwa ke nan, waɗannan su ne 'yan rufin asiri.

"Alhaji, ranka ya daɗe, ban zo da rashin kunya ba. Amma gawar kawuna tana firji, matarsa ta ce ba ta karɓa. Ina Alheri take?"

Suka dubi juna. Wanda ya zo daga Kano ya yi wata dariya da ta ƙare da share ido. Alhaji ya ce, "Ɗana, Alheri tana Amurka."

"Amurka?"

"Can yamma, a bakin wani kogi. Tana jiran mijinta. Zauna, amma ba a kujerar nan ba."

Ga yadda Alhaji ya ba ni labari. Shekarun baya na'urar shagonsa ta lalace ana tsakiyar zafi, aka turo masa mai gyara, sai ya ji mai gyaran yana yi wa ƙusa faɗa da Hausa. Aka gaisa, aka sha shayi, hira ta kai ga hular, hular ta kai ga labari. Lahadi ta zagayo Kawu ya dawo wai ya duba ko na'urar tana aiki, ya ƙarasa labarin. Alhaji ya ce, "Wallahi da farko ban yarda da shi ba. Na ce wannan wa'azi zai shigo mana da shi ta bayan gida. Kowane labari sai an gina coci, sai an yi addu'a. Na sa masa ido wata da watanni. Shi ma ashe yana sa mana ido, yana jiran ranar da za mu ce ya musulunta. Daga baya kowa ya gaji da gadin kowa. In an kira la'asar mu tafi masallaci, shi ya tsare mana shago, mu dawo a ɗora daga inda aka tsaya."

Na tambaya me ya sa bai taɓa gaya mana ba. Alhaji ya ce, "Ya ce mutanenku za su ce ya sayar da addininsa a kan shayi. Mu ma ba kowa muke gaya wa muna zama sauraron labarin coci ba."

Da littattafan suka ƙare, Kawu ya ce akwai wani guda da bai taɓa ba su ba, mai tsawo. Labarin wani manomi ne da matarsa Alheri, da suka kafa gona a bakin kogi, fari ya cinye musu shuka, mijin ya tafi can gaba yamma kiwon shanun wasu da alkawarin zai dawo in kaka ta yi. Kaka ta yi, ya ce sai ta gaba. Labarin nan shi suke ji kowace Lahadi shekara da shekaru. Mai zuwa sayayya daga Kano, kafin ya tambayi kuɗin kargo sai ya tambaya, "Mijin Alheri ya dawo?"

Ban yarda nan take ba. Na ce a raina, 'yan kasuwa ne, tsara magana sana'arsu ce. Na ce, "To wace iri ce ita Alherin?"

Suka hau ba ni amsa suna katse juna. Doguwa ce, ba ta son a taya ta aiki. Tana ɗinki. A majami'arsu ta katako ita ke buga tulu in mata suna waƙa. In ranta ya ɓaci ba ta magana, sai ta hau share tsakar gida ko da an share. Ranar da mai wa'azi ya zo a kan doki, gwaten acca ta dafa masa.

Na ce, "Gwaten acca? A Amurka?"

Alhaji ya ce, "Mu ma mun tambaya. Ya ce turawan da can suna ci."

Wani daga gefe ya ƙara, "Kuma bahaguwa ce. Ranar da ɓarawon doki ya shigo mata gida, da hagu ta kwaɗa masa muciya."

Na san wannan hagun. Na sha shi a ƙeya ina yaro, ranar da na saci nama a tukunyar Mama. Almakashin da ya ƙi yanka a hannuna ya faɗo mini a rai, ashe ba lalatacce ba ne, na bahago ne, Mama kuwa ɗinki take yi. Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi ba a wurin makoki. Ba wanda ya ce in yi shiru.

Alhaji ya ce sun daɗe da ganewa, amma ba wanda ya faɗa. Sau ɗaya kawai abin ya kai su ga faɗa. Wata Lahadi Kawu ya sake sa mijin ya ɗage komawa, Alhaji ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, wannan mutumin naka ba mai tsoron Allah ba ne. Yana ta addu'a a daji, ya bar baiwar Allah tana tsufa ita kaɗai. A addininmu da naku, wannan zalunci ne." Kawu ya miƙe ya ce, "Kai ka san kunyar komawa hannu wofi? Kai da kake komawa da kwantena?" Ya kafa hula ya fita, ya yi makonni bai hayo ba. Ranar da ya dawo bai gaisa da kyau ba, ya zauna a kujerarsa ya ce, "Sai mutumin ya je wurin maigidansa ya ce, khalas, shi ke nan, wannan kaka ita ce ta ƙarshe." A makon ne kuma ya gaya wa Alhaji a gefe cewa ba zai sabunta biza ba.

"Lahadin da ta wuce a ina ya tsaya?" na tambaya.

"Mijin ya ɗaura sirdi. Yau ne muka sa ran zai kama hanya."

Sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "Amma tsaya. Maganar tasa ta ƙarshe, yana ya ce ko tana? Don mun sha fama da shi a kan wannan. Kullum Alheri ya tafi, Alheri ya dawo, har ba a gane wa ke jiran wa. Muka ce ba za mu ƙara saurara ba sai ya gyara. Duk ya ce ya, sai mu haɗa baki mu ce ta. Sauran matan duniya bai taɓa gyarawa ba, ko matata ce Hajiya ya gaishe ka zai ce. Amma Alheri, tun da ya kama, bai ƙara kuskure ba. In yana ya ce, to da Ubangijinsa yake. In tana ya ce, da matarsa yake."

Na kira abokin ɗakin a take, na sa kowa ya ji. "Baba, ka tuna da kyau. Kawu yana ya ce, ko tana?"

"Abin da na faɗa ke nan. Yana jirana."

"Ba tana ba?"

"E, tana. Yana. Ba duk ɗaya ba ne?"

"Baba, matarka tana ina yanzu?"

"Yana gida. Me ya faru?"

Na kashe waya. 'Yan kasuwan nan suka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, hawaye na zuba. Mutum ɗaya ne a duniya ya ji maganar, kuma kunnensa ba ya jin bambancin. Har yau ban san wanne Kawu ya faɗa ba.

Saura Mama. Na kira ta daga cikin shagon, sai a kira na uku ta ɗauka. Na kwashe komai na gaya mata, tulun, da gwaten, da hagun, da almakashin. Ta saurara. Da na gama ta ce, "Kun haɗa baki. Kai ka san ni, ka san hannuna, ka san abin da nake dafawa. Ka zauna ka koya wa Hausawa su faɗa. Ba ni mai shagon."

Alhaji ya karɓi waya da hannu biyu. "Baiwar Allah, sannu da haƙuri. Allah ya ba ki dangana."

"Na gode. Kai ne ka ji labari?"

"Ni ne, da jama'a."

"To gaya mini. Ranar da mijin zai tafi, wannan Alheri me ya ce masa?"

Wannan ban sani ba, ban kuma ji sun ambata ba. Alhaji bai ko yi jim ba. Ya ce, "Ba ta yi masa sallama ba. Ta raka shi bakin shinge, ta kama wuyan rigarsa kamar za ta gyara, ta tsinke maɓalli ɗaya ta damƙe a hannunta. Ta ce in yana so a ɗinka masa, ya san hanya."

Na duba ko waya ta yanke. Sai muka ji motsi, muka ji ƙarar murfin gwangwani ana buɗewa, da ƙananan abubuwa suna kaɗawa a ciki. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tela ya san wannan ƙara. Ba wanda ya motsa a shagon.

Da ta dawo muryarta ta dushe. "Mai shago. A labarin, mijin ya dawo?"

"Bai kai nan ba, baiwar Allah. Ya dai ɗaura sirdi."

Ta ja numfashi. Ta ce a ba ni wayar.

"Rigar yana nan?"

"Tana nan, Mama."

"Kada wani tela ya taɓa. Ku sa masa haka, ku kawo mini shi. Ka je ka gaya masa a kunne, Alheri yana jira."

Na dubi Alhaji, mutumin da ya shekara yana gyara wa Kawu wannan kalma. Ya buɗe baki, ya mai da shi ya rufe, ya sa hannun riga ya goge ido. Ba wanda ya ce ta.